Hammar Kunya: Dawo da Jin Ƙamshi Bayan Cire Maƙogwaro

Darasi na 1: Hancinku bai mutu ba

Wanda aka yi wa tiyata aka cire masa maƙogwaro, galibi saboda ciwon daji, ba ya ƙara numfashi ta hanci ko ta baki. Iska tana shiga ta ramin da likita ya buɗe a gaban wuya, wanda ake kira sitoma, ta zarce huhu. Wurin da ke jin ƙamshi kuwa yana can saman cikin hanci, kuma iska ce ke kai masa ƙamshin. Da iska ta daina bi, ƙamshi ya daina isa. Shi ya sa abinci ke yin lami a baki, domin harshe irin su zaƙi, tsami, ɗaci da gishiri yake ji, sauran daɗin na hanci ne. Akwai haɗari ma: hayaƙi, yoyon gas da ruɓaɓɓen abinci duk sai su wuce ba ku sani ba.

Darasi na 2: Yadda ake yi

Likitocin Cibiyar Ciwon Daji ta ƙasar Holan da ke Amstadam ne suka bayyana dabarar jawo iska ta hanci da ake kira hammar kunya a shekarar 2000. Irin hammar da mutum ke yi ce a gaban wanda yake jin kunya, baki a rufe.

Ku zauna gaban madubi. Mai haƙoran roba ya sa su.

Na ɗaya, ku rufe leɓɓa ruf. Leɓen sama ya manne da na ƙasa, kada a bar ko 'yar kafa.

Na biyu, ku ɗora bakin harshe a dasashi, bayan haƙoran gaba na sama.

Na uku, ku sauke muƙamuƙi ƙasa tare da bayan harshe, kamar hamma ta zo muku. Haƙora su rabu, amma leɓɓa suna rufe. A sake karantawa: haƙora su rabu, leɓɓa kada su rabu.

Na huɗu, ku mai da muƙamuƙi sama, ku maimaita sau 4 ko 5 a jere da ɗan sauri.

Ga dalilin rufe leɓɓan. Idan muƙamuƙi ya sauka, fili yana ƙaruwa a cikin baki, dole iska ta shigo ta cike shi. In leɓɓa na rufe, ba ta da hanya sai hanci, a nan take ɗauko ƙamshi. In akwai kafa a leɓɓa, ta nan iska za ta bi maimakon hanci. Ku dubi madubi yanzu. Leɓɓanku a rufe suke? Ku sake. Kusan kowa a nan yake tuntuɓe ranar farko, ba abin kunya ba ne. In sun ƙi, ku dafe su da yatsa ɗaya har su saba.

Kuskure na biyu shi ne jan numfashi da ƙarfi ta sitoma duk lokacin da muƙamuƙi ya sauka. Jiki ya saba da shinshina, shi ya sa. Wannan iskar huhu take zuwa, ba abin da take ƙarawa sai jiri. Numfashi ya tafi a hankali, aikin na baki ne kawai, kuma bakin a rufe.

Darasi na 3: Gani da ido

Mai koyar da magana a asibiti yana da siririn bututu mai lanƙwasa kamar harafin U, da ruwa mai launi a ciki. Ana sa bakinsa a kafar hanci ɗaya, a toshe ɗayar da yatsa. In kun yi daidai, ruwan zai motsa ya nufo hancinku. In bai motsa ba, kafin ku zargi bututu, ku duba leɓɓa.

A gida ku gwada da garin kofi, sabulu ko ɓawon lemo, kusa da hanci, ido a rufe. Kada ku gwada da bilic ko wani sinadari mai kaifi. Raɗaɗin da yake sawa ba jin ƙamshi ba ne.

Wasu ɗalibai sai su yi kwana 2 su ajiye, su dawo suna cewa ba ya aiki. Ina zai yi aiki? An ce a rufe leɓɓa, an maimaita, mutum ya zo yana wangale baki kamar kifi. Ku yi minti 5, sau 3 a rana, kullum.

Darasi na 4: In ya ƙi

In hanci a toshe yake, iska ba ta wucewa; ku tambayi likita game da wanke shi da ruwan gishiri na asibiti. Gashin da ake yi wa cutar daji da na'ura a asibiti yana iya sa muƙamuƙi da wuya su yi tauri, wannan ma a gaya masa.

Darasi na 5

In hannu ya faɗa, ku rage motsin muƙamuƙi, harshe kaɗai ya riƙa yi, ba wanda zai lura. Ku yi kafin cin abinci da lokacin shiga kicin. Leɓɓa a rufe.