Kurakuran Amfani da Na'urori a Ajin da Ke da Masu Buƙata ta Musamman

Shigo da majigi ko kwamfuta aji ba shi ke sa kowane yaro ya samu rabonsa na karatu ba. Sau da yawa ma na'urar ce ke ƙara tura makaho da kurma baya, ba don malam ya yi nufin haka ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tura darasi a hoto. Malam ya ɗauki hoton allo ko na takardar da ya rubuta da hannu, ya jefa a zauren WhatsApp na aji, ya ce kowa ya samu. Ɗalibar da ba ta gani kuwa da manhajar da ke karanto rubutun waya da murya take karatu, wato TalkBack na Android ko VoiceOver na iPhone, su kuma bugaggen rubutu suke karantawa da kyau. Rubutun hannu a hoto yakan gagare su, haka ma PDF ɗin da aka haɗa da hotunan shafukan littafi. A buga darasin da haruffa. In za a ƙara saƙon murya, madalla, amma kada ya maye gurbin rubutun, domin kurma ma yana zauren.

Sai majigi. Ana rufe tagogi a kashe fitila don hoto ya fito sosai, nan take yaron da ke bin laɓɓan malam ko hannun mai fassara ya rasa darasin ɗungurungum. A bar haske a kan mai magana, kuma ya fuskanci aji. Shi kuma makaho, me zai tsinta a "ku duba nan, wannan ya fi wancan"? A ambaci abin da sunansa: layin ja na ruwan saman Agusta ya fi na Yuni tsawo. Bidiyon da ba shi da rubutu a ƙasa a nemi wani, kuma malam ya fara kallonsa, don rubutun da YouTube ke fitarwa da kansa yana yawan kuskure.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ware yaro a lungu da na'urarsa da abin saƙala kunne, sauran suna aikin rukuni. Dokar hana nuna wariya ga naƙasassu da aka sanya wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 ta ba shi haƙƙin karatu, zama cikin 'yan'uwansa kuwa yana cikin karatun. A sa shi a rukuni da na'urar tasa.

Wasu makarantun kan kulle kwamfutoci a ofis don tsoron lalacewa, ko su ce manhajar makafi tsada gare ta. Alhali NVDA, manhajar da ke karanta wa makaho rubutun kwamfuta da murya, kyauta ce, tana aiki a Windows ko babu intanet.

Kafin a kashe ko kwabo, a tambayi ɗalibin. Zabiya mai raunin gani wataƙila abin da take so bai wuce a ƙara girman haruffa, a sauya mata wurin zama daga bakin taga zuwa layin gaba ba.