Babi na Bakwai: Darbejiya da Lafiyar Fata

Darasi na 1: Sanin bishiyar

Darbejiya ita ce wasu ke kira dogon yaro, wasu kuma bedi. Asalinta daga Indiya take. Ganyenta siriri ne, gefensa kamar haƙoran zarto, ga ɗaci. Masu maganin gargajiya sun daɗe suna dafa shi don wanke ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje.

Darasi na 2: Dafawa da gwaji

Ku tsinko ɗanyen ganye cikin tafin hannu biyu. Ku wanke shi da ruwa mai tsabta, ku sa a tukunya da ruwa lita 1. Idan ya tafasa, ku bar shi minti 10 a kan wuta. Ku sauke, ku tace da kyalle mai tsabta, ku bari ya huce.

To, a nan nake son ku natsu. Kada ku zuba a jiki tukuna. Ku tsoma yatsa, ku shafa kaɗan a cikin dantse, wuri ɗan ƙarami. Sai ku jira har gobe war haka. Wuni da kwana ke nan, ba daga azahar zuwa la'asar ba. Idan wurin ya yi ja, ko ya kumbura, ko yana zafi, jikinku bai karɓa ba, ku zubar. Idan lafiya lau, sai ku dafa sabo ku wanke inda ke ƙaiƙayin.

Mu sake: a shafa kaɗan, a jira gobe, a duba. Wanda bai riƙe ba ya sake karantawa a hankali, babu kunya a neman sani.

Amma fa wasunku suna ba ni mamaki. Mutum zai gyaɗa kai a aji, ya koma gida ya yi wa yaro wanka da shi nan take, wai maƙwabcinsa ya yi bai ga komai ba. Fatarka daban, tasa daban. Haba jama'a, kwana ɗaya ne fa! A shafa kaɗan, a jira gobe, a duba.

Darasi na 3: Asuwaki

Ku yanko ƙaramin ɗanyen reshe, ku tauna bakinsa har ya yi laushi, ku goge haƙora. Ku tofar da ruwan.

Darasi na 4: Hani

Kada a ɗura wa jariri man darbejiya, yana iya kisa. Mai juna biyu kada ta sha komai nata. Mai zazzaɓi ya je asibiti a gwada jininsa.