Yadda Mai Bi Zai Miƙa Hadayu na Ruhu

Romawa sun rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, daga nan yanka a bagadensa ya ƙare. Ga Kirista kuwa, tun kafin nan maganar ta mutu, domin Ibraniyawa 10:10-14 ta nuna Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya tak, ya kuma wadatar. Abin da ya rage wa masu bi yana cikin 1 Bitrus 2:5: dukansu firistoci ne, ba fasto kaɗai ba, aikinsu miƙa hadayu na ruhu ta wurin Yesu Almasihu. Babu ɗaya daga cikin hadayun nan da ke biyan bashin zunubi. Na godiya ne. Wanda ya shige su da niyyar sayen gafara ko albarka ya mai da sujada ciniki, nan ne kuskure na fari.

Ka fara da sharar ciki. Bayan annabi Natan ya tsauta wa Dauda a kan Batsheba, hadayar da ya kawo a Zabura 51:17 ita ce karyayyar zuciya. Ka ambaci laifinka da sunansa. "Ka gafarta mini kurakuraina" a dunƙule yakan zama mafaka ga wanda bai shirya barin komai ba. In kuwa akwai wanda ke riƙe da kai, Matiyu 5:23-24 ta ce ka ajiye baikonka gaban bagade, ka je ku shirya, sa'an nan ka dawo. Lura, ba a ce sai in kai ne ke jin haushi ba. Shi ne ke jin haushinka, amma kai ne za ka tashi.

Sai babbar, wadda Romawa 12:1 ta kira hadaya mai rai: jikinka. Misalin da ya fi haska ta shi ne hadayar ƙonawa ta Littafin Firistoci sura 1, wadda ake ɗora namanta duka a wuta, mai miƙawa ba ya komawa gida da ko tsoka guda. Fitowa 29:38-39 kuma ta sa 'yan raguna biyu kullum, ɗaya da safe, ɗaya da maraice. Ka ari wannan tsari. Da safe, kafin hannunka ya kai ga waya, ka ɗauki minti biyar ka bi gaɓoɓinka ɗaya bayan ɗaya: harshen da zai amsa wa wanda ya ɓata maka rai jiya, idon da zai zauna gaban allo, hannun da zai taɓa kuɗin da ba naka ba. Da maraice ka koma ka duba wanne ka janye daga bagaden. Dabbar da aka yanka ba ta sauka, amma mai rai yakan sulale, shi ya sa miƙawar sau ɗaya a taron farkawa ba ta kai mutum ƙarshen mako.

Yabo da addu'a tare suke tafiya. Ibraniyawa 13:15 ta ce da leɓuna ake miƙa yabo, kuma kullum, don haka ka buɗe baki ka faɗi takamaiman abu uku ko huɗu da kake godiya a kai. Ranar da babu daɗi ne yabon ke zama hadaya sosai. Bulus da Sila da tsakar dare suka raira waƙa a kurkukun Filibi, ƙafafunsu cikin turu, bayansu duk tabon bulala. Zabura 141:2 ta kamanta addu'a da turare. Ka tsayar mata da lokaci.

Ibraniyawa 13:16 ta ƙara yin alheri da raba abin hannu, Bulus ma ya kira gudummawar da Filibiyawa suka aiko ta hannun Abafroditus hadaya mai ƙanshi (Filibiyawa 4:18). Sabon Alkawari bai yanka wa masu bi kaso ba. Umarnin ba da ɗaya bisa goma daga Shari'ar Musa ya fito, da yawa kuma da shi suke farawa. Abin da 1 Korantiyawa 16:2 ta tsara shi ne a ware a ranar farko ta mako, gwargwadon samu. Ka ware kafin ka fara kashewa, don wanda ya jira ragowa ragowa zai kawo, irin makauniyar dabba da gurguwar da Malakai 1:8 ta yi tir da su. Da Dauda zai gina bagade, ya ƙi karɓar masussukar wani mutum mai suna Arauna kyauta, ya biya shekel 50 na azurfa, don kada ya miƙa abin da bai ci masa komai ba.

Neman suna ma yakan ɓata bayarwa. Hananiya da matarsa Safiratu (Ayyukan Manzanni sura 5) ba don sun rage kuɗin filin da suka sayar aka hukunta su ba, Bitrus ya ce nasu ne. Ƙaryar cewa duka suka kawo ita ta kashe su. Saboda haka, a cikin abin da ka ware, ka fid da wani kaso da zai isa hannun mabukaci ba tare da sunanka a kai ba.