Yadda ake gane kwal mai araha da zai tsadar da ƙarfe a tanderu

Kuskuren da sababbin injiniyoyi da ɗalibai suka fi yi shi ne su jera farashin tan ɗaya na kwal daga 'yan kasuwa biyu, su ɗauki mai sauƙi. Ba tan ɗin kwal ake biya ba, tan ɗin narkakken ƙarfe ake lissafi.

Da farko ka tabbatar kwal ɗin yana gasuwa ya zama kok, wato ya narke a murhun gashi ya sake daskarewa dunƙule-dunƙule masu ƙarfi, waɗanda su ake zubawa a tanderun narkar da tama. Wanda ba ya yin haka, rufe takardar. Kwal ɗin Enugu irin wannan ne. Na Lafiya-Obi a jihar Nasarawa yana gasuwa, amma toka da farar wuta sun yi masa yawa, shi ya sa tun a tsarin masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta aka san sai an shigo da kwal daga waje.

Na biyu, cire danshi. Ruwa kake saya da kuɗin kwal, har da kuɗin jirgi.

Na uku, toka, kuma nan ake faɗuwa. Adadin da ke takardar mai sayarwa na ɗanyen kwal ne. In an gasa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin yana tashi a hayaƙi da kwalta, toka kuwa tana nan daram. Don haka raba adadin da 0.75. Kwal mai toka kashi 9 zai ba ka kok mai kashi 12, mai kashi 12 kuma ya ba ka kashi 16. Ratar 3 ta koma 4 ke nan.

Tokar nan ba ta ƙonewa. Dole a narkar da ita ta fita a kashin maƙera, sai an ƙara farar ƙasa don ta narke, farar ƙasar ma tana cin zafi, zafin kuma daga kok yake fitowa. Ƙa'idar da masu tanderu ke aiki da ita: duk ƙarin kashi 1 na toka a kok yana jawo ƙarin kok kashi 1.5 zuwa 2. A tanderun da ke cin kilo 350 na kok kan tan ɗin ƙarfe, ratar 4 ɗin can ta kai kilo 21 zuwa 28. Ninka da abin da tanderu ke fitarwa a shekara, sannan ka koma ka dubi rangwamen da aka yi maka. Ga kuma raguwar ƙarfen da ke fita kullum, tunda kashin maƙera ya cinye wuri. Indiya tana da kwal mai gasuwa a Jharia, amma yawan tokarsa na cikin abin da ya sa take ɗauko na Ostireliya da tsada tana gaurayawa.

Na huɗu, ƙarfin kok bayan ya sha wuta. Shi ke ɗauke da nauyin tama, ta tsakaninsa iska ke bi. In ya marmashe, tanderu ya shaƙe. A gwajin ƙarfinsa ana dafa giram 200 na kok a iskar kabon dayoksaid a zafin digiri 1,100 na awa biyu, a jujjuya a ganga, a auna abin da bai farfashe ba. Ni ƙasa da kashi 60 ba na kallonsa ga babban tanderu. Kok mai ƙarfi ne ke ba ka damar hura garin kwal mai araha ta bututun iska, kilo 150 ko fiye kan tan ɗin ƙarfe, ka rage kok mai tsada.

Farar wuta ana iya cire ta daga narkakken ƙarfe, da kuɗi. Fosfaras kuwa, wani sinadarin da shi ma ke cikin kwal, kusan duka ƙarfen yake shiga, sai masu tace ƙarfe a gaba su ɗauki wahalar. Sa kuɗin duka biyun a lissafinka, kuma ka ɗebi samfuri daga kayan da aka sauke ka kai ɗakin gwajin da ba na mai sayarwa ba.