Darasi na 7: Neman diyya bayan haɗarin mota

Wanda mota ta buge a hanyar Jega zuwa Birnin Kebbi, ko ɗan acaba ya kayar da shi a cikin gari, yana da haƙƙin a biya shi kuɗin magani da asarar kwanakin da bai fita nema ba. Sai dai kamfanin inshora da kotu takarda suke dubawa, kuma tun ranar farko ake fara tara ta.

A wurin haɗarin, wani ya kira jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122. Ya ɗauki hoton motar da lambarta kafin a janye ta, ya karɓi lambar wayar mutum biyu da abin ya faru a gabansu. Daga nan sai asibiti. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, don haka kada a tsaya neman takardar 'yan sanda mutum yana zubar da jini. Bayan nan a kai rahoto caji ofis, a karɓi kwafinsa.

Ko a asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi aka kwantar da kai ko a na ƙaramar hukuma, ka adana katin asibiti, hoton ƙashi da rasit na kowane magani, har na bandeji. Zuba su a leda ɗaya, nesa da ruwa da gara. Ka nemi rahoton likita mai sa hannu da hatimi, wanda ya faɗi irin raunin da ko zai bar naƙasa. Nan ne mutane da yawa ke yin asara: daga titi sai gidan mai ɗori, shi kuwa ba ya ba da rasit. Idan ƙafa ta warke a karkace, babu abin nunawa. Ko ɗorin gida za a yi, a fara ɗaukar hoto a asibiti.

Doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda ta yi wa ɓarna. Tun 2023 kuɗinta naira 15,000 ne a shekara ga motar gida. Takardun jabu sun yi yawa, saboda haka ka sa a duba lambar motar a tabbatar ko inshorarta ta gaske ce. Idan ta gaske ce, mai motar ya sanar da kamfaninsa, kai kuma ka kai musu wasiƙa da kwafin takardunka. Na asali su zauna a hannunka. Idan jabu ce, mai mota da direba za a nema kai tsaye.

'Yan ƙungiyar direbobi da dattawa za su zo neman sulhu. Yafiya haƙƙinka ce, sulhu kuma alheri ne, amma kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba, ko kafin likita ya faɗi inda raunin zai tsaya. Wanda ya sa hannu cewa magana ta ƙare, da wuya ya dawo idan aikin tiyata ya taso daga baya.

Idan an ƙi biya, hukumar ba da agajin lauya kyauta tana da ofis a Birnin Kebbi. Kada a yi jinkiri, musamman in motar gwamnati ce, domin wa'adin shigar da ƙara kan ma'aikacin gwamnati wata 3 ne kawai.

Aikin aji: rubuta wasiƙa mai layi biyar zuwa kamfanin inshora, ka sa ranar haɗarin, wurin, lambar motar da jimillar kuɗin rasit.