Yadda na gyara zafin mota a hanyar Yankari

Daga Bauchi har ƙofar Mainamaji, mashigar dajin Yankari, motarmu lafiya lau, ga tanti da kayan girki a but, yara sun ƙagu su faɗa ruwan ɗumin Wikki. Muna shiga dajin na rage gudu, sai allurar zafi ta fara hawa.

Na tsaya, na bari injin ya huce minti 30 kafin na buɗe murfin lagireto. Ruwa cike, ba yoyo. Na duba fis, bai ƙone ba. Abin da ya ankarar da ni: a guje iska ke sanyaya lagireto, a tafiyar hawainiya kuwa aikin fanka ne, kuma tamu ko motsi ba ta yi.

Na cire soket ɗinta, na ja waya biyu daga batir kai tsaye, ta juya. Ashe rile ne, ɗan makunnin da ke sakar wa fanka wuta, ya mutu. A akwatin fis na ga na hon lambarsu ɗaya, na kashe mota na musanya su. Da injin ya ɗau zafi, fanka ta tashi da kanta, allura ta dawo tsakiya.

Alhamdu lillahi, la'asar a Wikki muka yi ta. Hon dai sai da muka koma Bauchi na sayi sabon rile.