Yadda ake karanta zanen faɗuwar Ikarus

A gidan adana zane-zane na masarautar Beljiyam da ke Burasel akwai wani zane da ake dangantawa da Pieter Bruegel babba, wanda ya rasu a 1569, ko da yake masana da yawa na ganin kwafi ne na aikinsa da ya ɓata. A ganina da shi ya kamata mai koyo ya fara, domin ya ɓoye labarinsa ƙwarai.

Da farko ka san tatsuniyar, ta tsoffin Girkawa ce. Dedalus ya haɗa wa kansa da ɗansa Ikarus fukafukai da gashin tsuntsu da kakin zuma, don su tsere daga tsibirin Karita. Ya ja kunnen yaron kada ya kusanci rana. Bai ji ba, kakin ya narke, ya faɗa teku.

Sannan ka bar idonka ya bi inda mai zanen ya tura shi. Zai fara sauka kan manomi mai jar riga, kai sunkuye, yana bin doki da garma. Daga nan sai makiyayi cikin tumakinsa, sai katafaren jirgin ruwa da iska ke turawa. Ikarus fa? Duba ƙasa ta hannun dama, kusa da jirgin. Ƙafafu biyu ne kawai ke shure-shure a ruwa, ga gashin tsuntsu yana saukowa.

Mataki na uku shi ne gwada zanen da tushensa, kuma nan ne ya kamata ka daɗe. Mawaƙin Rum, Ovid, wanda ya ba da tatsuniyar a waƙarsa, ya ambaci masunci da makiyayi da manomi, ya ce sun ɗaga kai cikin mamaki, sun zaci alloli ne ke shawagi. Mai zanen ya kawo su duka ukun, amma ko ɗaya bai dubi yaron ba. Makiyayin ya ba shi baya yana kallon sama, masuncin da ke daf da shi ya duƙufa kan fatsarsa. Ga tekun kore shar, ga haske mai laushi, rana ta yi ƙasa can nesa, ko'ina lafiya lau. Wannan natsuwar ce ke sa mutuwar ta yi ciwo.

Sai alamomi. A kan reshe kusa da masuncin akwai makwarwa. A tatsuniyar, Dedalus ya yi hassadar ɗan 'yar'uwarsa Perdix saboda basirarsa, ya jefo shi daga tudu, aka mayar da shi makwarwa. Yau ga shi yana kallon ɗan Dedalus yana faɗowa.

Amma kada ka ɗora wa kowane abu ma'ana da ƙarfi. Takobin da ke kan dutse gaban manomin, masana sun daɗe suna saɓani a kansa. Fassarar da ba ta da madogara a tatsuniyar ko a al'adar mutanen Flanders (arewacin Beljiyam a yau) na lokacin, ka riƙe ta a matsayin hasashe.